Ramin da Ba Shi da Fenti

Bande, Juma'a, 29 ga Nuwamba

Zuwa ga angona Imran, mai haƙar rijiyoyi a dajin Gure,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da take yi mini rashin kunya kowace safiya. Babarka Fadi tana gaishe ka. Gero ya shiga rumbu, wake ma ba laifi. Na fita takaba mako biyu ke nan, saboda haka in da gaske kake da auren nan da kake yi mini alkawari tun kana yawo ba wando, sai ka shirya.

Tunda kun je kun tare inda waya ba ta shiga, dole na koma wa alƙalami. Rabilu direbanku zai kai maka. In ka ga harafi ya karkace, laifin malamar yaƙi da jahilci ne, ba nawa ba.

To, ordinatarka, kwamfutar nan da ka bar mana, ta ƙi tashi. Kuma na sani ni na jawo. Ni na ce ba za a nuna wa Ɗela, ƙanwar kakanka, bidiyon yayanta yana tsalle-tsalle ba, baki ya motsa yanzu, murya ta iso daga baya. Shekara hamsin na zauna da kakanka Malam, bai taɓa in'ina ba, ba kuwa zai fara bayan ya rasu ba. Kai ka ce maganin abin sabon katin hoto ne, ka saya a Damagaram ka aiko. Ranar Talata na kai wa Sharifu mai gyara a Magarya. Ya buɗe cikinta, ya dasa katin, ya kunna. Sai ga Malam tangaran, da hularsa da ta karkace. Na ce wa Sharifu ya kashe maza, wannan magana ba ta kunnen kasuwa ba ce.

Muka dawo gida na danna maɓalli. Fanka ta juya, akwatin nan da ke ƙarƙashin batirin sola ya yi ƙara kamar an taka ɗan akuya, sai komai ya mutu, har da firigon Fadi da kunun ayar da take sayarwa. Sau uku na gwada, da safe da yamma. A na uku Fadi ta fito ta tsaya tana yi mini kallon da ya fi faɗa zafi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Mai gari ya yi shela, ranar Laraba za a saki gonaki. Ɗela da ƴaƴanta za su sauko da shanu, su sauka gonar Hamisu maƙwabcinmu kamar kowace shekara, suna hango katangarmu. Kwana tara suke yi, in kara ya ƙare su wuce. Kai yaro ne lokacin da shanunsu suka shiga wakenmu kafin a saki gona, Malam ya faɗa mata abin da ya faɗa a gaban mutane, ita kuma ta rantse ba za ta sake taka ƙofar zaurensa ba. Shekara sha biyu ke nan. Da ya rasu suna arewa, ta aiko da ta'aziyya, ba ta zo ba. Ka san wasiyyarsa: a nuna mata a ɗakinsa, ita kaɗai. Ɗela ta tsufa, bara ma a kan jaki aka kawo ta. Ban san ko akwai baɗi ba.

Ka rubuto mini abin yi. Da manyan haruffa, tabarauna ƙafa ɗaya gare shi.

Amaryarka da ba ka biya sadaki ba,
Uwani

Dajin Gure, Talata, 3 ga Disamba

Kaka,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na ji daɗin lafiyarku. Nan ma lafiya, mun kai mita saba'in ba mu tarar da ruwa ba tukuna. Maganar aure kuwa, sai kin gyara gwiwar nan, ba na auren mai ɗingishi.

Ki kwantar da hankalinki. Kaka Malam yana nan cikin ordinatar, babu abin da ya taɓa shi. Abin da ya faru shi ne sabon katin ya fi tsohon tsarin cin wuta. A shagon Sharifu kuran ɗin gari ne, wato wutar lantarki mai ƙarfi, shi ya sa ta tashi. A gida kuwa akwatin da kika ce yana kuka, shi ne yake raba wutar sola, kuma ba zai iya ɗaukar firigo da ordinatar a lokaci ɗaya ba. Laifina ne, ban yi wannan tunanin ba kafin in saya.

Ga abin yi:

KI CIRE FIRIGO. Ki ba Mama haƙuri, awa ɗaya ce kawai, kunu ba zai lalace ba.

KI KUNNA DA TSAKAR RANA, tsakanin sha ɗaya da ƙarfe biyu, lokacin da batiri ya ƙoshi.

A GOGE GILASHIN SOLA. Na san tantabarun nan ba su daina abin da suka saba a kansa ba.

Ban da wannan, KADA KI SAUYA KOMAI. Kowace igiya ta zauna inda take. Na san ki da son bincike, kada ki sa mata tsinke, kada ki tofa mata addu'a har da yawu.

Ni na riƙe kamara ranar da ya yi maganar nan, Kaka. Sau biyu ya sa na tsaya don ya share ido. Dole Gwaggo Ɗela ta gani. In na sami izini zan zo, amma shugaban aiki ya ce babu mai motsawa sai ruwa ya fito.

Ki gaida Mama da kowa.

Mijinki na gaskiya,
Imran

Bande, Asabar, 7 ga Disamba

Angona,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya fito muku da ruwa. Gwiwa ta ji saƙonka, ta ce ita ma ba ta son mai ƙaramin gemu.

Na yi duk abin da ka ce. Jiya da hantsi na sa tsani na hau da tsumma, Fadi tana ƙasa tana salati tana cewa me za ta gaya wa mutane in na faɗo. Tantabarun nan, Allah ya isa. Na cire firigo. Rana na tsaka na danna maɓalli. Akwatin bai yi kuka ba. Fanka ta juya, ƴar fitilar gaba ta kama, har na fara guɗa.

Sai gilashin kallo ya tsaya baƙi ƙirin. Wani rubutu ya fito yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa, na kwafo maka shi harafi harafi: PAS DE SIGNAL. Daga nan shi ma ya tafi ya bar ni. Na zauna ina jin ta tana numfashi, amma ta ƙi buɗe ido.

Yau da safe na ɗora ta a amalanken Hamisu har bakin hanya, ita da gilashinta da igiyoyinta, na sake kai wa Sharifu. Ina can ina gaisawa da uwarsa a ƙofar shago, kafin in juyo har ya jona ya kunna. Ta tashi! Sharifu ya dube ni ya ce, «Hajiya, kayanki lafiya lau. Ko dai ɗakin ne yake da iska?» Na ce masa iskar da ke ɗakin nan shekara hamsin na zauna da ita, na san halinta. Muka dawo gida kafin azahar, na kunna, baƙi ƙirin.

Ni dai na fara zargin kakanka. A kasuwa ya fito fes, a gidansa ya ƙi. Haka yake tun yana da rai, in ya san zai ba da haƙuri sai ya tuna akwai aiki a gona.

Kada ma ka fara cewa na yi kuskure wurin igiyoyi. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun ranar da ɓera ya ci igiyar rediyon Malam, kullum in na gama sauraron karatun da ka zuba mini, sai in zare igiyoyin bayanta duka in sa a kwalla in rufe. Kuma don kada in ruɗe, tun makon da ka tafi na ɗiga wa bakin kowane rami jan fenti, ɗigo uku, irin wanda nake yi wa gindin kwanonina don su dawo gida bayan biki. Shekara arba'in kwanona bai taɓa ɓata a Bande ba. Igiyar gilashi tana raminta na kullum, na sama, mai fenti. Ka ce kada a sauya komai, ban sauya ba.

Su Ɗela sun sauka tun Laraba. Ina jin kukan shanunsu daga madafa. Na aika mata da tuwo, ta mayar da kwano cike da nono, amma ko gaisuwa ba ta haɗo da shi ba. Na hango ta ta kan katanga, ta rame, Imran. Babban ɗanta ya gaya wa Hamisu ranar Juma'a mai zuwa bayan masallaci za su tashi, kara bai yi yawa ba bana.

Na yi tunanin in kai ta shagon Sharifu. Amma ka san Ɗela ba za ta yi kuka a gaban masu cajin waya ba, kuma ba haka ya ce a yi ba. Rabilu zai iso ranar Alhamis. In amsarka tana hannunsa, muna da safiyar Juma'a.

Kakarka,
Uwani

Dajin Gure, Litinin, 9 ga Disamba

Kaka,

Lafiya lau muke. Ina rubutu a tsaye.

FENTINKI NE! Rubutun da kika kwafo cewa yake hoto ba ya isowa gilashi. Ramin sama mai ɗigo uku na tsohon tsari ne. Tunda aka dasa sabon kati, wannan ramin ya daina aiki, hoto ta jikin katin yake fitowa yanzu. Sharifu yana sa igiyar a sabon rami ba tare da ya ko yi tunani ba, ke kuma kina dawowa gida ki mayar da ita tsohon. Da na ce kada ki sauya komai, na ɗauka igiyar tana inda ya sa ta. Ina zan san kina kwana da igiyoyina a kwalla?

Ki juya bayanta. KI DUBA ƘASA. Za ki ga sabon ƙarfe mai haske a kwance, da ramuka a jere. Ɗaya daga ciki bakinsa daidai yake da igiyar gilashi. NAN ZA KI SA. Ki kashe tukuna, ki sa, sannan ki kunna. Firigo a cire, rana a tsaka.

Na roƙi Rabilu ya tashi tun Laraba, ya ce sai an sauke bututu, amma ya yi alkawari Alhamis kafin la'asar takardar nan tana hannunki. Na hau tudu uku da wayata ina neman layi in kira Mama, ban samu ba.

Kaka, don Allah ko da takardar ta makara, kada ki bari ta tafi. Ki riƙe mata jaki in ya kama.

Imran

Bande, Lahadi, 15 ga Disamba

Zuwa ga Imran, malamin da darasinsa yake isowa bayan an tashi daga lakwal, ƴan makaranta sun watse,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau. Gwiwa ma ta yi sauƙi, ko don ta ga abin da ya fi ta ne. Takardarka ta iso yau da hantsi. Motar Rabilu ta karye a hanya, kwana uku yana kwance a ƙarƙashinta, ya shigo yana ba ni haƙuri kamar ya kashe mutum. Na karanta manyan haruffanka, na gode. Yanzu zauna ka ji.

Ranar Alhamis na zauna a zaure har magariba, ba Rabilu. Juma'a da safe na leƙa ta katanga, na ga sun fara kwance bukkoki suna ɗaure tabarmi. Na ce to, Uwani, in akwati ya ƙi magana, ke ai kina da baki. Domin, Allah ya yafe mini, ranar da kuka kore ni daga ɗaki za ku ɗauki bidiyon nan, ban je ko'ina ba. Ina bayan taga ina tsince wake. Na ji komai.

Na ɗauki mayafi na tafi gonar Hamisu. Na tarar da ita zaune a kan turmi. Na ce, «Ɗela, akwai kwanonki a wurina, mai shuɗin fenti, tun sunan Imran. Ni ba na kai wa kowa kwano, mai shi yake zuwa.» Ta ce, «Kin san na rantse.» Na ce, «Kin rantse a kan ƙofar zaure. Ƙofar awaki ta baya fa, da ita kika haɗa?» Ta harare ni. Ta ce, «Ke dai har ki mutu ba za ki yi hankali ba.» Amma ta miƙo hannu na tashe ta.

Haka muka shiga ta ƙofar awaki, tsofaffi biyu a sunkuye. Na kai ta ɗakin Malam, na zaunar da ita a kan buzunsa. Na gaya mata ya bar mata saƙo a cikin akwatin nan, akwatin ya ƙi, amma ni na ji, zan faɗa mata. Ban kai ƙarshen jimla ta biyu ba ta ɗaga hannu. Ta ce, «Tsaya, Uwani. Ke ce kika ce mana kin ga kura tana alwala a rafin Guci. Yaya bai taɓa ba kowa haƙuri ba. In kin ƙaga ne don ki faranta mini, Allah ya saka miki, ba ni kwanona in tafi.»

Ka ga inda tatsuniya ta kai ni. Ranar da na faɗi gaskiya tsantsa, ba mai saye.

Na ce bari ki gani da idonki cewa ba ƙarya nake ba. Na cire firigo, na kunna, baƙi ƙirin. Haushi ya kama ni, na juya mata bayan akwatin ina nuna mata igiyoyi, ina cewa ga shi komai yana wurinsa. Sai na ji wani sauti da rabona da shi shekara sha biyu. Ɗela tana dariya. Ta ce, «Ɗigo uku! Har akwatin nasara kin yi wa fenti? Wa zai are shi ya kai gidan biki?» Ta matso da fuska tana ƙirga ɗigon da yatsa, har ta gangaro ƙasa. Ta ce, «Wannan fa mai ƙyalli? Na aro ne?» Na ce sabo ne, saboda shi ma aka shiga wannan wahala. Ta ce, «To ke kin sayi sabon kwano, kin bar shi a kife, kina ta zuba miya a tsohon?»

Imran, sai na duƙa kusa da ita. Na gyara tabarau. Na ga ramuka a jikin sabon ƙarfen, babu fenti ko ɗigo. Na tuna ka ce kada a sauya komai. Na ce a raina, yaron nan yana dajin Gure, ba zai gani ba. Na kashe, na zare igiyar, na gwada rami na farko ya ƙi, na biyu ta shige kamar don shi aka yi ta. Na yi bisimilla na danna.

Gilashi ya yi haske. Na taɓa inda ka koya mini. Sai ga Malam da karkatacciyar hularsa, ya gyara murya, ya ce, «Ɗela.» Baki da murya tare.

Ta ce, «Na'am, Yaya.»

Na fita na ja ƙofa. Wannan karon na tafi har madafa, Fadi shaida ce. Abin da ya gaya mata nasu ne, kai ka sani, ni ma na sani, ya isa. Na dai jiyo ta daga nesa tana amsa masa, har da faɗa, ta ce masa ai waken ma bai yi kyau ba a shekarar. Da ta fito idonta ja, ta ce in sake kunna mata. Sau uku ta kalla. Kunun Fadi ya yi ɗumi, Fadi da kanta ta ce a bar shi. Da za ta tafi na nufi ƙofar awaki da ita, ta ce, «Ni akuya ce?» Ta bi ta zaure, ta dafa ƙofar ta ɗan tsaya, sannan ta fita.

Ba su tashi ranar Juma'a ba. Bayan masallaci ƴaƴanta suka kora shanun zuwa gonar Malam ta gindin tsamiya, wadda karanta yake tsaye ba wanda ya taɓa. Yanzu haka suna can kwance suna zuba mana taki. Ta ce sai kara ya ƙare, kuma baɗi nan za su sauka kai tsaye, in da rai.

Ta ce in gaya maka hannunka yana rawa wurin riƙe kamara, kuma ka zo kafin su tashi ta ga ko ka isa aure. Na ce mata ta makara, an riga ta.

Na kankare tsohon fentin da wuƙa. Sabon ramin na ɗiga masa ja guda uku. Ɗela ta karɓi tsinken ta ƙara shuɗi ɗaya a gefe, wai ita ma tana da kaya a ciki.

Kwanon nata kuwa ta sake mantawa da shi. Ban tuna mata ba.

Amaryarka,
Uwani